Monty Zai Yi Aliya

Mijin ƙanwata Merle, wato Monty Katzen mai shagon katifu a Orange Grove, ya haura shekara hamsin bai san ko fentin cikin shul ɗinmu, wato ɗakin ibadarmu na Yahudawa, wane iri ne ba. Asabar ɗinsa ta filin rugby ce. Sau ɗaya a shekara yake leƙowa, ran babban azumi, ya zauna can baya yana duba agogo yana tunanin abin da zai ci. Sai da mahaifinsa ya rasu, ya zama dole ya riƙa zuwa safe da yamma yana karanta masa addu'ar kadish, sannan ƙafarsa ta san hanya. Kuma in ba shi haƙƙinsa, ya zo. Ko sanyin Yuli mai daskarar da ruwan famfo bai hana shi ba. Sau da yawa shi ke tsaye a bakin ƙofa yana hura hannu kafin Reb Velvel ya iso da mabuɗi.

Da a nan ya tsaya, da yau ba ni da labarin da zan ba ku.

Kallon Reb Velvel ne ya ɓata shi. Reb Velvel shi ne gabai namu tun ina budurwa. Gabai ke buɗe shul, shi ke cewa wane ya ja addu'a, shi ke kiran mutum da sunansa ya hau dandamali ya tsaya gefen Attaura. Don haka likitoci da lauyoyi da hannu biyu suke gaishe da wannan tsoho mai kwat ɗin da ya ƙoƙe a gwiwar hannu. Monty ya ga haka ya haɗiye yawu. Da aka ce gwiwoyin tsohon sun gaza, zai ajiye aiki, za a zaɓi sabo, sai ga shi a ɗakin girkina ko sallama babu.

"Beryl, na gano sirrin mutanen nan."

"Waɗanne mutane?"

"Masu gemun nan. Ba su fi ni komai ba. Turancin da nake yi shi suke yi, kawai barbaɗa masa Ibrananci da Yidish suke kamar gishiri. To ni da ludayi zan zuba. Kafin ranar zaɓe Lionel Trakman ko gaisuwa ba zai iya ba a gabana."

Lionel shi ne ɗayan mai neman kujerar, mai kantin magani, mutum mai laushin murya wanda tun yana yaro yake shul, kuma bai taɓa yi wa kowa murmushi a banza ba.

Na ce, "To ma'anar kalmomin fa, Monty?"

"Ma'ana aikin malamai ne. Ni ɗan kasuwa ne, na san abin da ke sayar da kaya. Murya ce. Ko katifar da ta lotsa, in ka yi magana da ƙarfi sai a saya."

A bikin 'yar gidan Mendelow ya buɗe kasuwa. Ya ratsa taro, ya kama hannun uban amarya, ya girgiza kai irin na manya, ya ce, "Ina maka fatan tsawon rai." Ya ji ana faɗar haka a shul ya ɗauka gaisuwar girma ce. Mu kuwa ba ma furta wannan magana sai ga wanda aka yi wa rasuwa. Kofi ya suɓuce daga hannun Mendelow.

"Wa ya mutu? Uwata ce? Monty, gaya min gaskiya, uwata ce?"

Bawan Allah ya bar 'yarsa cikin farin kaya ya ruga neman tarho, aka taso masa tsohuwa daga barcin rana a gidan tsofaffi, ta wanke shi tas. Da aka koma kan Monty, cewa ya yi, "To tsawon ran ne ba ya so? Ya faɗa mana."

Bayan kwana kaɗan, a wurin sunan jikan Anti Sorrel, ya leƙa fuskar jariri ya ɗaga murya: "Anti, Allah ya sa ki sha nebah a wurin yaron nan har ki gaji!" Nahas yake nufi, sanyin zuciyar da iyaye ke samu daga 'ya'ya. Nebah kuwa abin da muke cewa ne in mun ga wanda duniya ta yi wa atishawar tsaki, irin "Allah sarki, abin tausayi". Anti Sorrel ta fizge jikanta tana tofe-tofe a iska don korar mugun baki. Monty ya juyo gare ni yana murmushi.

"Kin gani? Har ta kasa magana."

Duk wannan Merle na nan tana taka masa birki, in ya buɗe baki ta murɗe shi a cinya. Sai 'yarsu ta haihu a Durban, Merle ta tafi jego, ta bar motar nan a gangara ba direba.

Dabararsa ta ƙarshe ita ce a gan shi a kan dandamali Asabar ɗin da ke gab da zaɓe. Tun bikin balagarsa bai sake hawa ba. Ya bi Reb Velvel gida, ya bi shi asibitin ƙashi, har tsohon ya gaji ya ce to, za a kira shi. Wannan kiran shi muke ce wa aliya, wato hawa. Sai dai kalmar baki biyu gare ta, kuma ko yaron goye a cikinmu ya san bambancin. In ka ce za a ba ka aliya, dandamali za ka hau ka yi albarka ka sauko. In ka ce za ka yi aliya, to ka tattara naka ya naka ke nan, ka koma Isra'ila da zama har abada.

Ran Lahadi da safe ina cikin layi a shagon Hymie mahauci ya shigo, ƙirji gaba.

"Hymie, zaɓo min ƙirjin sa mai kyau. Asabar mai zuwa zan yi aliya."

Wuƙar Hymie ta tsaya a iska. Shekarun nan ne da kowane mako sai ka ji wani gida ya tashi, wannan Sydney, wancan Toronto, don haka ba wanda ya tsaya shakka.

"Kai? Aliya?"

"Ni ɗin nan da kake gani."

"Jirgin daren Asabar zai bi ke nan," wata ta raɗa wa ta kusa da ita.

Hymie ya ajiye wuƙa. "Monty, da shekarunka? Ba ka jin tsoro?"

"Tsoron me? Yara 'yan shekara goma sha uku ma suna yi."

"To harshen fa? Ibrananci ba wasa ba ne."

"Ku ne kuke ɗaukarsa da zafi. Magana biyu kawai mutum ke buƙata, ɗaya in ya isa, ɗaya in zai tafi. A banɗaki na haddace su."

"Shagon katifun fa?"

"A rufe! Mai hawa ba ya tunanin katifa."

"Amma dai za ka riƙa dawo mana ko?"

"Reb Velvel ya koya min. Ana tafiya ta gajeriyar hanya da sauri, a dawo ta doguwa, a hankali, kamar ba a so."

Hymie ya zagayo daga bayan teburi da rigar jini a jikinsa ya rungume shi yana sharar hawaye. Mata suka hau tafi. Monty ya kalle ni ta saman kafaɗar mahauci, ya ɗaga min gira.

Tsakanina da Allah na yi ƙoƙari. Na bi shi waje na ja shi gefen mota.

"Monty, ba a cewa 'zan yi'. 'Za a ba ni' ake cewa. Abin da ka faɗa a ciki yana nufin..."

"Beryl, mabaraci ake ba. Ni yi nake. Kuma da girman kujerarki, wannan harkar maza ce. Ku mata daga bene kuke leƙowa, rabin abin ma ba kwa ji. Ki tsaya a kan kifinki."

Shekara ashirin ina yanka kifin gishiri da albasa don walimar bayan ibada, har yatsuna suka daina jin sabulu. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce masa to, na kuwa tsaya a kan kifina.

Kafin rana ta faɗi labari ya gama unguwa. Washegari mutane suka fara sintiri a gidansa. A wurinmu in gida zai tashi, makwabta kuka suke da ido ɗaya, ɗayan yana auna labule. Wani ya shafa injin yankan ciyawa ya ce, "Monty, wannan ai ba ka da sauran buƙatarsa ko?" Monty ya dube shi ya ga ƙuri'a tsaye da ƙafa biyu.

"Ɗauka! Mene ne injin ciyawa a wurin mutumin da zai hau?"

Aka ɗauki inji. Aka ɗauki tsani, da murhun gashin nama, da kujerun lambu. Labulen falo suka sauka. Wani ya tafi da karen gidan yana tirjewa. Matar Hymie ta buɗe kabad ɗin sama ta ga kwanukan Idin Ƙetarewa na Merle, masu bakin zinariya, waɗanda kakarmu ta ɗauko daga Lituwaniya a naɗe cikin bargo. Ta ce kai, waɗannan ai fashewa za su yi a hanya. Monty bai san wace hanya ba, amma ya san Hymie na da 'yan'uwa maza huɗu a shul.

"Kwashe su duka, har da murafen."

Da na ga abin ya zama wawaso, na ce masa firijin garejin nan fa.

"Ke ai ba ki da ƙuri'a."

"Mijina Basil yana da ita."

Ya sa aka ɗora min a mota. Gara a hannuna da ya faɗa hannun bare.

Ana cikin haka Lionel Trakman ya iso da kwalbar wiski, fuskar nan kamar an shafa mata mai. Ya riƙe hannun Monty da hannu biyu.

"Reb Monty, na ji labari. Ka tabbata? Ba ja da baya?"

"Ni ba na magana biyu."

"To na janye duk abin da na taɓa faɗa a kanka. Ka fi mu duka. Walimar Asabar ɗin nan ni zan ɗauki nauyinta, don girmama ka."

Yana fita Monty ya buga tsalle. "Kin ji? Reb ya ce min, kamar wani babban malami! Ya sallama, Beryl, ya sallama tun kafin a shiga fili!"

Na ce, "Lalle kam, akwai wanda ya sallama."

Anti Sorrel ce ta jefo tambayar da ta tayar da gobara. Tana naɗe shimfiɗar teburi ta ce, "Oho, Merle kuwa ta san za a yi da wuri haka? Yaushe za ta haɗa nata kayan?"

"Merle? Ina ruwan Merle? Ni kaɗai zan hau."

"Kai kaɗai?"

"Haka doka ta ce, ba ni na rubuta ba. Ita ta zauna inda mata ke zama ta hango ni daga nesa. Shekara talatin ko'ina na sa ƙafa tana biye da ni, wannan karon ta yi haƙuri."

Ba a yi awa guda ba tasi ta tsaya a ƙofar gida, mahaifiyarmu ta fito da sandarta. Kowa Bobba Fruma yake ce mata, wato kaka Fruma, har Rabai, limamin shul. Ta haura tamanin, tsawonta bai kai kafaɗata ba, kuma tun ranar ɗaurin aure ba ta yarda da Monty ba.

"Kai, ɗan katifa! Fito nan!"

"Bobba! Sannu da zuwa, gidan nan ya yi albarka da..."

"Rufe min baki. Ka tafi duk inda za ka, ko bangon duniya ne. Amma kafin ka ɗaga ƙafa sai ka ba 'yata get. Ba za ka bar min ita a ɗaure ba!"

Get takardar saki ce, wadda in miji bai bayar ba mace ba ta da ikon sake aure. Na ga idon Monty ya yi yawo. Bai san kalmar ba. Ya dubi tsakar gida cike da masu ƙuri'a, ga wani riƙe da tsani, ga wani rungume da fitila, kowa ya zuba masa ido. Mai neman gabai ba ya tambayar ma'ana a gaban jama'a. Sai ya gyara tsayuwa ya yi dariya.

"Get? Haba Bobba, har sai kin roƙa? Ai na daɗe da niyya. Tun shekarar da muka yi aure nake cewa matar nan ta cancanci get, hali ne kawai bai yi ba."

Anti Sorrel ta dafe ƙirji.

"Kuma babba zan ba ta, a gaban kowa, irin wanda duk matan unguwar nan za su koma gida su ce wa mazansu su ma suna so. Ke ma, Bobba, da mijinki Zeida yana da rai na tabbata da ya ba ki naki."

Sandar ta same shi a ƙwauri kafin ya rufe baki. Ya zagaya bishiyar lemo da ƙafa ɗaya, tsohuwa na bin sa tana zagi da Yidish na asali, wanda ko kalma ɗaya bai gane ba. Da aka samu aka mayar da ita cikin tasi, ya ɗingiso wurina yana raɗa.

"Tsufa ne, kar ki damu. Beryl, a wane kanti ake samun get mai kyau?"

"Ka tambayi maza. Ni kifi na sani."

Da yamma na buga wa Merle tarho na zayyana mata komai. Ta yi dariya har na ji jaririn ya farka. Ta yi dariyar aliya, ta yi ta kare, ta get kuwa sai da ta ajiye kan tarho ta dawo. Da na zo kan kwanukan kakarmu sai dariya ta ɗauke ɗif.

"Wa ya ba?"

"Matar Hymie. Har da murafen."

"Kar ki ce masa komai. Ran Juma'a zan sauka a gidanki. Ki kama min kujerar gaba a bene."

"Mama fa? In gaya mata gaskiya?"

"Bar ta. Shekara talatin tana jiran ranar da za ta ce ai ta faɗa. Ta ɗan ji daɗinta."

Ran Asabar shul ya cika kamar ran babban azumi. Mu muna bene, Merle ta ja hula ta rufe rabin fuska, Bobba a gefenta da sanda a cinya. Monty ya shigo da sabon mayafin ibada mai faɗin zanen gado, wuyansa na azurfa sai ƙyalli yake. Da lokaci ya yi Reb Velvel ya kira sunansa, muryar tsohon na rawa. Shi ma labarin tafiya ya ji, ya ɗauka kiran ban kwana ne aka matsa masa a kai.

Monty ya tashi, ya manta wace hanya ce ta zuwa wace ce ta dawowa. Ya bi doguwar, yana miƙa wa mutane hannu layi-layi kamar ɗan siyasa, ana jiransa da Attaura a buɗe. A bakin matakala ya taka gezar mayafinsa, sai da Lionel ya tare shi. Ya kama sandunan da ake naɗe littafin a jikinsu, ya cika ƙirji da iska, ya rangaɗa albarka da muryar da ta girgiza tagogi. Sai dai ta ƙarshe ya fara da ita, wadda ake yi bayan an gama karatu.

Shul gaba ɗaya ya ɗauka: "A'a! Ɗayar! Ɗayar!"

Ya juyo. "Haka ake yi a garin kakana a Lituwaniya."

"Kakanka da kakana gari ɗaya suka fito!" in ji Mendelow daga baya. "Makwabta ne ma!"

Reb Velvel ya riƙa ɗora masa kalma-kalma a baki har aka ƙetare. Ya sauko yana goge zufa, ya zauna yana kallon bene, ko zai ga yadda kifi ya ji da wannan.

Sai Rabai ya tashi wa'azi. Ya ce yau akwai mutum a cikinmu da ya kunyata mu duka. Mutumin da bara ko harafi bai sani ba, yau ya rufe shagonsa, ya rabar da kayan gidansa, ya juya wa jin daɗi baya. Monty na gyaɗa kai, yana cewa "haka ne" a fili. Rabai ya ce akwai wata magana ta cikin gida da za su tattauna su biyu kafin dare, ya ɗan dubi bene ya yi gyaran murya. Sannan ya yi nuni, aka yaye ƙyalle daga wani abu da ke jingine a gefen dandamali tun jiya. Akwati ne na fata, sabo fil, kyautar jama'a.

"Kuma tunda ɗan'uwanmu Monty zai bar mu a daren yau," in ji Rabai, "kwamiti ya zauna ran Alhamis ya ga ba sauran zaɓe, mai nema ɗaya ya rage. Sabon gabai namu shi ne Lionel Trakman."

Kan Monty ya ci gaba da gyaɗawa shi kaɗai kafin maganar ta isa ciki. Sai ya miƙe zumbur.

"Rabai, wa zai bar ku?"

"Kai mana."

"In je ina?"

"Urushalima, ko wani garin ka zaɓa?"

"Ni? Ni da ko Durban ban bi matata ba saboda zafi?"

"Ba kai ka ce za ka yi aliya ba?"

"Ai na yi! Yanzun nan! Ba a gabanku na hau na sauko ba? Ga matakalar can!"

Hymie ne ya fara dariya. Wata irin ƙara ta fito masa ta hanci, ya kifa kai a bayan benci yana dukansa. Daga nan abin ya kama kamar wutar ciyawa. Dattawa masu gemu suna share ido da gefen mayafi, Rabai ya juya wa jama'a baya, kafaɗunsa na rawa.

"Jama'a ku shaida," in ji Hymie da ya samu numfashi, "mutumin nan ya je ƙasa mai tsarki ya dawo ko shayi bai huce ba!"

"Ta doguwar hanya kuma!" wani ya ƙara.

"Ni dai injin ciyawa ba zai koma ba, na riga na sa masa mai."

"Karenka ya cinye min takalmi, wa zai biya?"

Monty ya daki benci. "To tunda ba inda za ni, a yi zaɓe! Hymie, kwanuka nawa na ba matarka? Kai, tsanin wa ke gidanka?"

"Ka ba mu ne don za ka tafi," in ji Hymie. "Wa zai damƙa mabuɗin shul ga mutumin da bai san ko yana nan ko ya tashi ba?"

Lionel ya ce, da muryarsa mai laushi, "Reb Monty, na tambaye ka ko ka tabbata. Ka ce ba ka magana biyu."

A nan Merle ta ture hula baya, ta leƙa ta kan shingen bene. Mata ba sa magana daga sama ana tsakiyar ibada, amma ranar ba wanda ya hana.

"Monty! Ina get ɗina?"

Ya ɗaga kai, fuskarsa ta washe kamar ya ga mai ceto. "Merle! Yaushe kika zo? Yana nan tafe, masoyiyata, kar ki damu. Na ce sai mai ruwan zinariya!"

"Kun ji ko!" Bobba ta yi ihu tana buga sanda. "Na faɗa! Tun ran biki na faɗa!"

Rabai ya sauko da sauri, ya kama kunnen Monty ya raɗa masa ma'anar get. Daga bene na ga jinin fuskarsa yana janyewa. Ya dubi Merle, ya dubi Bobba. Ya nemi wurin zama, abin da ya fi kusa da shi kuwa akwatin ne. A kansa ya zauna.

"Ka riƙe get ɗinka," in ji Merle. "Kwanukan kakata nake so. Gobe da safe za ka bi gida-gida, kuma da Turanci zalla za ka roƙa."

Walimar Lionel ta yi kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Har da ƙaton kek da aka rubuta wa "Sauka lafiya, Monty". Kifina ya ƙare tas. Monty ya raɓe a lungu da faranti a hannu bai taɓa ba, mutane suna wucewa suna tambayarsa yaya hanya, yaya mutanen can. Mendelow ya zo ya kama hannunsa, ya girgiza kai irin na manya, ya ce, "Ina maka fatan tsawon rai," ya wuce abinsa.

Ina kwashe kwanuka a kusa da shi Reb Velvel ya ɗingiso, ya zauna da ƙyar. Shi kaɗai ne bai yi dariya ba duk ranar.

"Monty, ka san aikin gabai?"

"Kiran mutane, da sanin kalmomi..."

"Buɗe ƙofa ne. A zo kafin kowa, a kunna wuta, a jira. Lionel ya san kalmomi, amma ko sau ɗaya bai taɓa riga ni zuwa ba. Kai kuwa duk sanyin bara a bakin ƙofa nake samunka. Tun kafin a fara maganar zaɓe na ba kwamiti sunanka, kuma sun yarda. A lokacin kujerar taka ce. Jira kawai ake a sanar."

Monty ya zuba masa ido.

"Sai ka fara magana," in ji tsohon. Ya dafa kafaɗarsa ya miƙe, ya tafi wurin Lionel ya nuna masa ƙusar da ake rataye mabuɗi.

Na ɗauka zai ce haka ake yi a garin kakansa. Amma ina. Ya daɗe yana kallon kek ɗin, an yanke "Sauka lafiya" an cinye, saura sunansa. Har na ji tausayinsa ya kama ni, ni da firijinsa ke garejina. Can ya sauke numfashi, ya ce a hankali, ba don kowa ya ji ba:

"Nebah."

Na ajiye tire na ce, "Monty, yau dai ka sa ɗaya a inda take."